Hutu da Sabunta Ruhu a Rayuwar Kiristocin Keffi: Wa Ke Hutawa, Wa Ke Ɗauke da Kaya?

A ranakun aiki, babbar hanyar da ta tashi daga Keffi zuwa Abuja kan farka tun kafin ketowar alfijir. Ma'aikatan gwamnati, masu gadi, magina, malaman makaranta da 'yan kasuwa kan yi sammako su cika motocin haya, domin su riga cunkoson da ke jiran su a Masaka, Mararaba da Nyanya. Tafiyar da ba ta wuce kilomita 50 da 'yan kai ba takan ci sa'o'i biyu ko fiye idan hanya ta cushe, kuma da yawa daga cikinsu ba sa sake ganin ƙofar gida sai dare ya yi.

Ranar Lahadi hanyar kan ɗan sarara. Daga majami'u ake jin ganguna da waƙoƙin yabo cikin Hausa, Turanci, Mada, Eggon, Gbagyi, Tibi, Ibo da Yarbanci. Sai dai ranar da Kiristoci ke kira ta hutu tana da nata dogon jadawalin: makarantar Lahadi da sassafe, sujada ta fari da ta biyu, zaman kwamiti, taron zumunta, ziyarar marasa lafiya, sannan taron ƙungiyar 'yan gari ɗaya da yamma. Kafin mutum ya zauna, rana ta faɗi, sammakon Litinin kuma yana bakin ƙofa.

Addinin Kirista ya ɗauki hutu da muhimmancin da ya kai na umarni, dokar ƙasa kuma ta ware masa ranaku. Duk da haka, a gari irin Keffi, ranakun da aka keɓe domin hutawa su ne sukan fi cika da hidima da kashe kuɗi. Fahimtar yadda haka ta faru na buƙatar a duba asalin koyarwar, da tanadin doka, da yadda shekarar ikilisiya ke zagayawa, da kuma mutanen da hutun ke tsallakewa.

Garin da hanyoyi suka haɗu

Keffi tsohuwar masarauta ce da Abdu Zanga ya kafa a wajajen shekarar 1800, ta kuma zauna ƙarƙashin Zazzau a zamanin Daular Sakkwato. A yau tana cikin manyan garuruwan Jihar Nasarawa, wadda aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996. Jami'ar Jihar Nasarawa, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, tsohuwar Kwalejin Gwamnati da aka buɗe a 1949, da sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima duk suna garin. Waɗannan cibiyoyi, haɗe da tsadar gidaje a Abuja, sun jawo baƙi daga kowace kusurwa ta ƙasa.

Kiristocin garin sun fito daga ɗariku daban-daban. Akwai ECWA, wadda ta samo asali daga aikin mishan ta SIM, aka kuma kafa ta a matsayin ikilisiya mai cin gashin kanta a 1954. Akwai ERCC, mai hedikwata a Alushi kusa da Akwanga, wadda ta tsiro daga aikin reshen Afirka ta Kudu na mishan ta SUM a ƙasar Dutsen Mada. Mabiya Katolika na ƙarƙashin Dayosis ɗin Lafiya da aka kafa a ƙarshen shekarar 2000. Ga kuma Angilika, Baftis, Methodist, da ikilisiyoyin Fentikos manya da ƙanana.

Kowace ɗarika na da nata tsarin shekara, amma mabiyansu sun yi tarayya a abu ɗaya: mafi yawansu suna rayuwa ne tsakanin wuri biyu ko uku. Wurin aiki yana Abuja ko a kasuwa, gida yana Keffi, gonar gado da kabarin iyaye kuma suna ƙauye a Kokona, Akwanga, Wamba, Kudancin Kaduna, Binuwai ko can kudancin ƙasa. Duk wani hutu da ya samu, waɗannan wurare uku ne ke jayayya a kansa.

Asalin hutu a koyarwar Kirista

Tushen koyarwar yana cikin Tsohon Alkawari. Littafin Farawa ya ba da labarin halitta cikin kwana shida da keɓe rana ta bakwai, Littafin Fitowa kuma ya sanya kiyaye wannan rana cikin Dokoki Goma. Abin da masana Littafi Mai Tsarki ke yawan jan hankali a kai shi ne faɗin wannan doka. Ba maigida kaɗai ta shafa ba. Ta haɗa da 'ya'yansa, barorinsa, dabbobinsa da baƙon da ya sauka a garinsa. Wato tun farko an ɗauki hutu a matsayin haƙƙin mai rauni a kan mai ƙarfi.

Littafin Firistoci ya ƙara da cewa ƙasar noma ma a bar ta ta huta a kowace shekara ta bakwai, a shekara ta 50 kuma a yi babban biki na 'yanta bayi da mayar da gonaki ga masu su na asali. Manomin Nasarawa ya san hikimar wannan ko da bai karanta ba, domin gonar da aka bari ta zama saura ta fi wadda ake nomawa kowace damina yabanya. Daga wannan tushe ne cocin Katolika ta ɗauko al'adar Shekarar Jubili da take yi duk bayan shekara 25, wadda Fafaroma Francis ya buɗe ta baya-bayan nan ranar 24 ga Disamba, 2024.

A Sabon Alkawari, Linjilar Markus ta ruwaito yadda Yesu Almasihu, wanda Musulmi suka sani da Annabi Isa, ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa domin su huta, bayan jama'a sun yi musu yawa har sun rasa sukunin cin abinci. Linjilar ta kuma nuna matsayinsa cewa an yi ranar hutu ne domin amfanin mutum. Waɗannan nassoshi biyu su ne fastoci ke komawa gare su duk lokacin da za su yi wa'azi a kan gajiya.

Kiristocin farko sun mayar da taronsu zuwa Lahadi saboda imaninsu cewa a ranar ce Yesu ya tashi daga matattu. Amma Lahadi ba ta zama ranar hutun hukuma ba sai a shekarar 321, lokacin da Sarkin Rum Kustantin ya umarci alƙalai, mazauna birane da masu sana'o'i su dakatar da aiki a ranar. Dokar ta ƙyale manoma su ci gaba da aikin gona, don kada lokacin shuka ya wuce su. Har yau wannan tambaya tana nan a ƙauyukan da ke kewaye da Keffi: idan ruwan shuka ya sauka daren Asabar, a tafi gona ko a tafi sujada? Mabiya ɗarikar Adbentis kuwa sun riƙe Asabar, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Dokar Ranakun Hutu ta 1979 ita ce ta tsara ranakun da ake rufe ofisoshi a faɗin Nijeriya. Waɗanda suka shafi Kiristoci kai tsaye su ne Juma'ar da ke gabanin Ista, Litinin ɗin da ke bayanta, da ranar Kirsimeti. Ma'aikatar Cikin Gida ce ke fitar da sanarwa kafin kowane biki, kuma bisa al'ada takan haɗa da ranar 26 ga Disamba da 1 ga Janairu. Dokar ta tanadi hutun Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah da Mauludi ga Musulmi, kowane ɓangare kuma yana cin moriyar hutun ɗan'uwansa. Ikilisiyoyi da dama kan shirya tarukansu na kwana biyu ko uku a hutun Sallah, domin a lokacin ne ma'aikata ke samun sarari.

Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci haƙƙin hutun sa'o'i 24 a jere cikin kowane kwana bakwai, da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida da cikakken albashi bayan ya yi wata 12 yana aiki. Manyan ma'aikatan gwamnati kan samu kwana 30 a shekara. A matakin duniya, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniyar hutun mako tun 1921, sashe na 24 na Kundin Haƙƙin Ɗan Adam na 1948 kuma ya ambaci hutu da sararawa cikin haƙƙoƙin kowane mutum.

Sai dai waɗannan tanade-tanade sun fi amfanar mai albashi. Ɗan acaɓa, mai tallan doya a bakin hanya, lebura a wurin gini da mai ɗinki ba su da wanda zai biya su kuɗin ranar da ba su fita ba. A wurinsu, rufe shago ranar Lahadi hadaya ce da ake ji a tukunyar dare. Wannan ne ya sa shagunan Kiristoci da dama kan kasance a rufe da safe, a buɗe su bayan an tashi daga coci.

Yadda shekara ke zagayawa

Shekarar mafi yawan ikilisiyoyin Keffi kan fara ne a daren 31 ga Disamba, inda ake kwana ana addu'a da waƙa har a ƙetara zuwa sabuwar shekara. Janairu watan azumi da addu'a ne. Cocin Living Faith kan yi azumin kwana 21, wasu ikilisiyoyin Fentikos kan zarce haka, tsofaffin ikilisiyoyin mishan kuma kan ware mako guda na addu'a. Wannan lokaci kan zo daidai da biyan kuɗin makaranta da ƙarewar abin da aka tara, don haka ƙanƙan da kai da tsuke bakin aljihu kan tafi tare.

Daga nan sai azumin kwana 40 na gabanin Ista, wanda Katolika, Angilika da Methodist suka fi riƙo da shi. Yana farawa ranar Larabar Toka, ba a kuma lissafa ranakun Lahadi a cikinsa. A tsarin Katolika, baligi mai lafiya kan taƙaita ga cikakken abinci sau ɗaya a Larabar Toka da Juma'ar tunawa da gicciye Yesu, ya kuma ƙaurace wa nama. A sauran kwanakin ana ƙarfafa sadaka, tuba da barin wani abin da rai ke so. A shekarar 2025 wannan azumi ya fara ranar 5 ga Maris, kwanaki kaɗan bayan kamawar watan Ramadan, sai ya zamana maƙwabta Musulmi da Kirista suna azumi a lokaci guda.

Ranar Ista ba ta tsaya wuri ɗaya ba, domin lissafinta ya haɗa rana da wata. Ita ce Lahadin farko bayan cikar watan da ya zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta, tsarin da ke da tushe a taron manyan malaman coci na Nikiya a shekarar 325. Saboda haka takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2024 an yi ta ranar 31 ga Maris, a 2025 kuma ranar 20 ga Afrilu. A Nasarawa, wannan shi ne lokacin tsananin zafi, sharar gona da jiran ruwan fari. Ranar Litinin ta bayan Ista, ikilisiyoyi da yawa kan fita bayan gari ko kan dutse, a yi waƙa, a ci abinci tare, yara su yi wasa. Ana kiran fitar da suna zuwa Galili, kuma tana cikin 'yan lokutan da ikilisiya ke haɗuwa ba tare da dogon jadawali ba.

Dogon hutun makarantu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, na yara da matasa ne. A lokacin ne ake makarantar Littafi Mai Tsarki ta hutu, da sansanonin ƙungiyoyin Birged na maza da mata, da tarukan ɗalibai irin na ƙungiyar FCS da aka kafa a Gindiri a 1957. Amma lokacin ne kuma ake tsakiyar noma, iyaye manoma na buƙatar hannun 'ya'yansu, abinci kuma ya yi ƙaranci a rumbu.

Daga Oktoba zuwa farkon Disamba ake bukukuwan godiyar kaka. Manoma kan kawo doya, masara, dawa, gyaɗa, riɗi, kaji da awaki gaban ikilisiya, ma'aikata kuma su kawo kuɗi. Sai makonni huɗu na shirin Kirsimeti, da waƙoƙin dare, da ɗaurin aure da ake tarawa a Disamba domin dangi na nesa su samu halarta. A makon Kirsimeti garin kan rage mutane, tasoshin mota su cika da masu tafiya gida.

Keɓewa domin sabunta ruhu

Ban da hutun jiki, akwai abin da ikilisiyoyi ke kira keɓewa: mutum ya bar gida da aiki na 'yan kwanaki domin addu'a, nazari da binciken zuciya. Al'adar tsohuwa ce, kuma Afirka na da babban rabo a cikinta. A hamadar Masar ne Antoni, wanda ya rasu a shekarar 356, da waɗanda suka bi sahunsa suka kafa rayuwar kaɗaici da shiru. A ƙarni na 16 Ignatius na Loyola ya tsara keɓewar kimanin kwana 30, wadda har yau ake bi a gidajen keɓewa na Katolika, galibi a taƙaice.

A Arewacin Nijeriya, tarihin mishan ya koya wa masu wa'azi darajar hutu da tsada. Daga cikin mutum uku da suka fara aikin SIM a 1893, biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun rasu a 1894 saboda cuta. Rowland Bingham kaɗai ya tsira. Bayan mishan ɗin ta kafu, sai ta buɗe gidan hutu a Miango kusa da Jos a 1914, inda sanyin tsaunin Filato ke ba ma'aikatanta damar murmurewa. Gidan ya ci gaba da karɓar fastoci, iyalai da tarukan ikilisiya. Sunan Bingham kuwa shi ne a kan jami'ar ECWA da aka kafa a 2005, wadda ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi.

Wannan hanya ta zama matattarar manyan filayen ibada, saboda ƙasa ta fi araha a ɓangaren Nasarawa. Mafi shahara shi ne Goshen na cocin Living Faith a yankin Auta Balefi, cikin Ƙaramar Hukumar Karu. A farkon kowace Disamba, lokacin taron Shiloh da cocin ke yi a Ota ta Jihar Ogun tun 1999, dubban mabiya kan taru a Goshen su bi taron kai tsaye ta allo. Cocin Deeper Life ma na da nata tarukan keɓewa a lokacin Ista da Disamba, cocin Redeemed kuma na da babban taronta na Agusta da na Disamba a sansaninta da ke kan hanyar Legas zuwa Ibadan.

Tsofaffin ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa na da nasu salon: taron falkaswa, babban taron Zumuntar Mata, taron matasa, da fitar ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa. Mahalarta kan kwana a azuzuwan makaranta a kan tabarma, a girka abinci a manyan tukwane. Ga matar ƙauye da ba ta taɓa barin murhu ba tsawon shekara, kwana uku na taron zumunta na iya zama hutunta kaɗai. Masu hali kuma kan tafi ziyarar ibada zuwa Isra'ila ko Jodan ta hannun Hukumar Kula da Maziyarta Kiristoci ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 2007.

A nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu na ganin taron dubban mutane, da lasifika da kwanan zaune, shi ne ke farfaɗo da bangaskiya, domin mutum kan ga ba shi kaɗai ke ɗauke da damuwa ba. Wasu kuma na ganin ruhu na buƙatar shiru, kuma wanda ya dawo daga taro da dusasshiyar murya da bashin barci ya sami ƙarfafawa amma bai huta ba. Ɗarikun biyu duk suna kafa hujja da nassi.

Waɗanda hutu ke tsallakewa

Hausawa na da karin magana a kan hutun jaki da kaya a ka, wato a tsaya amma nauyi na nan. Akwai rukuni uku a ikilisiya da wannan magana ta fi dacewa da halinsu.

Na farko shi ne fasto da iyalinsa. Ranar hutun jama'a ita ce ranar aikinsa mafi nauyi, makon Ista da na Kirsimeti kuma su ne ƙololuwar hidimarsa. A tsakiyar mako akwai nazarin Littafi, jana'iza, sulhun ma'aurata da ziyarar asibiti, wayarsa kuma ba ta da lokacin rufewa. Faston ƙauye kan haɗa da noma domin albashi ba ya isa. Da yawa sun ɗauki Litinin a matsayin ranar hutu, amma mutuwa da rashin lafiya ba su san Litinin ba. Dokokin cocin Katolika sun fito fili a kan wannan: limamin da ke riƙe da ikilisiya na da izinin hutun da bai wuce wata guda ba a shekara, ban da kwanakin keɓewa da aka wajabta masa. Sauran ɗariku ma na da tanadin hutun shekara a tsarin aikinsu. Matsalar ita ce wanda zai riƙe wurin idan fasto ya tafi, da kuma kallon da wasu mabiya ke yi wa makiyayin da ya nemi hutu, kamar wanda ya gaza. Alhali sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Rukuni na biyu mata ne. Su ne ƙashin bayan mawaƙa, masu share majami'a da masu girkin kowane taro. A bikin Kirsimeti, lokacin da maza ke zaune da baƙi, uwargida na tsaye tun asuba tsakanin shinkafa, nama da cincin, da rabon abinci ga maƙwabta. Dokar hutu ta Tsohon Alkawari ta ambaci baranya da sunanta, amma a gidaje da yawa yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye don aikin gida ita ce ta ƙarshe da ke kwanciya ranar biki.

Rukuni na uku su ne masu aikin da ba ya tsayawa: ma'aikatan jinya da likitoci, 'yan sanda da sojojin da ke gadin majami'u ranar biki, jami'an kiyaye haɗurra, direbobi da masu gidan mai. Hutun jama'a a kan kafaɗarsu yake tafiya. Wasu ikilisiyoyi kan shirya sujadar asuba ko ta yamma domin irin waɗannan mutane.

Lafiya da aljihu

Batun ya wuce na ibada kaɗai. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa mutum 745,000 sun mutu a 2016 sakamakon shanyewar jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da dogon lokacin aiki. Binciken ya nuna cewa mai aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako na da ƙarin haɗarin shanyewar jiki da kashi 35 cikin 100, da ƙarin haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin 100, idan aka kwatanta da mai aikin sa'o'i 35 zuwa 40. Idan aka haɗa sa'o'in ofis da na hanya, ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Keffi da Abuja na iya ƙetare wannan iyaka cikin sauƙi, tun kafin a lissafa kwanan zaune na daren Juma'a. Jiki magayi ne. Hawan jini ba ya tambayar dalilin da ya hana mutum barci.

Likitoci kan kuma shawarci masu ciwon sukari, gyambon ciki, mata masu juna biyu da masu shayarwa su tuntuɓi asibiti kafin su shiga dogon azumi. Koyarwar ɗariku da yawa ta riga ta ɗauke wa marasa lafiya da tsofaffi wannan nauyi.

Aljihu ma na da nasa bayanin. Tun bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. A Disambar wannan shekara Gwamnatin Tarayya ta sanar da ragin rabin kuɗin mota a wasu manyan hanyoyi da shiga jirgin ƙasa kyauta, daga 21 ga Disamba zuwa 4 ga Janairu, domin sauƙaƙa wa matafiya. Duk da haka iyalai da dama sun koma tura mutum ɗaya ya wakilce su a ƙauye, ko su aika kuɗi ta waya. Ga ankon biki, kayan yara, gudummawar gini da ta taro. Wanda ya ci bashi domin Kirsimeti kan shiga Janairu da damuwar da ta fi wadda ya fita da ita. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma kan ƙara sintiri a watannin ƙarshen shekara, saboda direban da ke son ya yi sawu uku a rana yana tuƙi ne da gajiya.

Abin da ke hannun ikilisiya

Ikilisiya ba ta da ikon rage cunkoson Mararaba ko farashin mai, amma jadawalinta a hannunta yake. Dattawa da kwamitoci ne ke yanke yawan tarukan mako, tsawon sujada, da adadin gudummawar da ake nema a wata guda. Su ne za su iya haɗa tarukan da suka yi kama da juna, su bar yammacin Lahadi ga iyali, su tsara wanda zai riƙe mumbari idan fasto ya tafi hutu, su kuma sa maza da matasa cikin aikin girki da shara ranar biki. Maigida Kirista da ke da yaran shago ko 'yar aiki shi ma yana da nasa rabon, domin dokar da yake karantawa ta ɗora masa alhakin hutun waɗanda ke ƙarƙashinsa.

Akwai kuma abin da hutu ke gyarawa wanda ya wuce bangon coci. A unguwannin Keffi da Musulmi da Kirista ke zaune ƙofa da ƙofa, kwanon shinkafar Kirsimeti kan ƙetara zuwa gidan maƙwabci, kamar yadda naman layya ke dawowa a Babbar Sallah. Wannan ziyara ba ta yiwuwa sai ga wanda ya sami sararin zama. Mutumin da ke fita kafin asuba ya dawo bayan dare, ranar hutunsa kuma ta ƙare a taro, zai iya shekara bai gaisa da maƙwabcinsa a natse ba, kuma 'ya'yansa za su tashi sun fi sanin sunan kwamitocin da yake ciki fiye da labarin kakanninsu.

Littafin da Kiristocin Keffi ke karantawa, wanda aka kammala fassara shi zuwa Hausa tun 1932, ya auna hutu da ma'auni mai sauƙin ganewa: ko ya kai ga bara, baƙo da dabbar gida. Da wannan ma'auni, ikilisiya za ta san ta kiyaye ranar hutu idan matar da ta yi girkin taro, mai gadin ƙofa da faston da ya yi wa'azi su ma sun sami ranar da suka sauke kayansu.